Taswira ko tambaya: Yadda ake ƙiyasta masu saye a unguwar Yindiski ta Potiskum

Ƙidayar jama'a ta shekarar 2006, wadda ita ce ta ƙarshe da aka gudanar a Najeriya, ta nuna cewa ƙaramar hukumar Potiskum da ke jihar Yobe tana da mutum 205,876. A nan alƙaluman da aka fitar suka tsaya. Ba su sauko sun faɗi yawan mutanen da ke kwana a Dogo Nini ko Dogo Tebo ba, balle unguwar Yindiski. Amma a yau duk mai babbar waya da katin banki zai iya buɗe shafin bayar da talla na kamfanin Meta, mamallakin Facebook da Instagram, ya dasa alama a kan Yindiski, ya zana da'ira ta kilomita ɗaya ko biyu, nan take na'ura ta ba shi ƙiyasin mutanen da tallarsa za ta iya kaiwa gare su. Akwai kuma taswirori na kyauta a intanet da suka yanka garin gurbi-gurbi kamar na dara, kowane gurbi da adadin mutanen da aka ce suna zaune a cikinsa.

Da irin waɗannan alƙaluma ake yanke hukuncin kuɗi. Kamfanin da ke Legas ko Kano yakan duba su kafin ya amince ya buɗe ɗakin ajiyar kaya a Potiskum, ko ya naɗa dila, ko ya ƙara wakilan cirar kuɗi, ko ya biya kuɗin sanarwa a rediyo. Idan alƙaluman suka rage unguwa, kaya ba su iso ta da wuri ba, sai mazaunanta su saye su a hannu na biyu ko na uku da ƙarin farashi. Idan suka kumbura ta, ɗan kasuwa ya zuba jari, kaya su kwanta masa. Saboda haka ya dace a san inda suke fitowa. Hanyoyin samo su biyu ne: ko dai a je a tambayi mutane baki da baki, ko kuma a bar kwamfuta ta yi ƙirdado daga hotunan tauraron ɗan adam da sawun wayoyin hannu.

Abin da tambaya take iya sani

Binciken gida-gida ba ya bin kowane gida. Akan zaɓi wasu gidaje ne ta hanyar ƙuri'a, yadda kowane gida yake da damar faɗowa cikin zaɓin, sa'an nan a ɗauki amsarsu a matsayin ta sauran. Duk wanda ya taɓa ganin dillalin hatsi ya caka buhu ya ɗebo 'yan ƙwayoyi a tafin hannu ya san hikimar. Ya kuma san inda ake zamba, domin idan an zuba gero mai kyau a bakin buhu, mai ɗiba daga sama kaɗai zai sha mamaki a gida.

Yawan waɗanda aka tambaya ba ya gyara ɗiban da aka karkatar. A shekarar 1936 wata mujallar Amurka mai suna Literary Digest ta tattara amsoshin mutum fiye da miliyan biyu, ta yi hasashen cewa Shugaba Franklin Roosevelt zai faɗi zaɓe. Ta samo sunayen mutanen ne galibi daga littattafan lambobin tarho da rajistar motoci da jerin masu sayen mujallar, a zamanin da talaka ba shi da tarho ko mota. George Gallup ya tambayi adadin da bai kai kashi uku cikin ɗari na wancan ba, amma ya fi kula da yadda ya ɗebo su, ya ce Roosevelt ne zai ci, kuma shi ya ci da gagarumin rinjaye. A riƙe wannan labari, don zai yi amfani idan aka zo batun wayoyi.

Najeriya tana da manyan bincike na gida-gida masu inganci. Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa tana gudanar da binciken lafiya da yanayin iyali, wanda aka fi sani da NDHS, kusan duk bayan shekara biyar. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, wato NBS, ta yi binciken halin rayuwa na 2018 zuwa 2019 a kan gidaje kimanin 22,000, wanda ya nuna kashi 40 cikin ɗari na 'yan ƙasa suna ƙasa da mizanin talauci, ban da jihar Borno da ba a sanya cikin lissafin ba, a Yobe kuwa adadin ya haura kashi 70. Ƙungiyar EFInA ta soma binciken yadda jama'a ke mu'amala da bankuna da sauran hanyoyin ajiyar kuɗi tun 2008. Waɗannan bincike sun tambayi abin da babu hoton sama da zai nuna: akwai rediyo a gidan nan, akwai firji, da me ake girki, matar gida tana da wayar kanta, ana da asusun banki ko adashi ake yi.

Sai dai an tsara su ne don su yi magana a kan ƙasa da jihohi. A binciken NDHS na 2018 an zaɓi gungu 1,400 a faɗin ƙasa, kowane gungu gida 30. Idan aka raba su tsakanin jihohi 36 da Abuja, kowace jiha za ta tashi da gungu 38 ko kusa da haka. Yobe tana da ƙananan hukumomi 17, ke nan kowace ɗaya ba ta wuce gungu biyu ko uku ba a matsakaicin lissafi. Binciken talauci mai fuskoki da dama da NBS ta fitar a watan Nuwamban 2022 ya fi saukowa ƙasa, domin ya tambayi gidaje fiye da 56,000 don ya ba da sakamakon kowace mazaɓar ɗan majalisar dattawa guda 109. Duk da haka, kason kowace mazaɓa gida ɗari biyar ne da 'yan kai, kuma mazaɓar Yobe ta Kudu ta haɗa Potiskum da Fika da Fune da Nangere. Mai son sanin halin Yindiski daga wannan bincike zai samu amsar da ta gauraya ɗan tireda na cikin gari da manomin ƙauyen Fune.

Ko da an yi sa'a wani gungu ya faɗo a unguwar, ba za a iya nuna shi da yatsa ba. Don kare sirrin waɗanda suka amsa tambayoyi, masu shirya NDHS suna gusar da alamar kowane gungu a taswira da gangan, har zuwa kilomita biyu a birane, biyar a karkara, wasu kaɗan ma har goma. A gari mai cunkoso kamar Potiskum, kilomita biyu ya isa ya ɗauke alama daga wata unguwa ya ajiye ta a wata. Akwai kuma matsalar tsaro, wadda ta hana binciken 2018 shiga ƙananan hukumomi 11 daga cikin 27 na Borno.

Kamfanin da yake son amsar unguwa ɗaya, to sai ya biya a yi masa nasa binciken. Lissafinsa sananne ne. Idan an tambayi gida 100 da aka zaɓa bisa ƙa'ida, amsar tana iya kaucewa gaskiya da kusan kashi 10 cikin ɗari sama ko ƙasa. Da gida 400 tazarar takan sauko zuwa kashi 5, da gida 1,000 kuwa zuwa kashi 3. Wato sai an ninka wahala sau huɗu kafin a rage kuskure da rabi. Wannan ma idan mutane sun faɗi gaskiya ke nan, kuma a nan ne sanin gari yake da rana.

Baƙo mai takarda da biro ba ya shiga unguwa sai da iznin mai unguwa. Namiji yakan tsaya a zaure, amsar da zai samu ta maigida ce, alhali sabulu da maggi da man girki da kayan yara matan gida ne suka san wanne ake saye, nawa ne, kuma a wurin wa. Da yawa daga cikinsu ma 'yan kasuwa ne daga cikin ɗaki, suna sayar da ƙuli-ƙuli da ɗanwake da atamfa ta hannun yara ko ta waya. Binciken da bai ɗauki mata ma'aikata ba ya bar rabin kasuwa a bayan labule. Sa'an nan shekarun da ƙungiyoyin agaji suka yi suna rajistar mutane a arewa maso gabas sun koya wa jama'a cewa takarda tana iya jawo tallafi, don haka wani zai ƙara yawan iyali ya rage abin hannunsa. Wani kuma haraji yake tsoro. Makiyayi kuwa tun zamanin jangali ba ya faɗin yawan dabbobinsa ga baƙo, kuma ba a ga laifinsa ba.

Abin da ake gani daga sama

Taswirar ƙiyasi ta samu gindin zama a arewacin Najeriya ne ta dalilin yaƙi da cutar shan inna. Masu allurar rigakafi sun daɗe suna aiki da taswirorin da aka zana da hannu, waɗanda suka tsallake rugage da ƙananan ƙauyuka masu yawa. Daga wajen 2012 aka soma amfani da hotunan tauraron ɗan adam don gano kowane matsuguni, ana kuma ba ma'aikata wayoyin da ke nuna inda suka taka. An gano wuraren da ba su taɓa shiga lissafi ba, kuma wannan yana cikin abubuwan da suka taimaka har aka tabbatar da kawar da nau'in ƙwayar cutar na asali daga Afirka a watan Agustan 2020. Daga wannan aiki ne shirin GRID3 ya samo asali, wanda aka ƙaddamar a 2018 tare da haɗin gwiwar masanan WorldPop na Jami'ar Southampton da ke Ingila da wasu cibiyoyi.

Yadda ake yin ƙiyasin ba shi da wuyar fahimta. Kwamfuta takan duba hoto ta gano gine-gine. Sai a tura ma'aikata wasu zaɓaɓɓun wurare su ƙirga mutane ɗaya bayan ɗaya. A Najeriya an yi irin wannan ƙaramar ƙidaya a wurare fiye da 1,100 cikin jihohi 15 tsakanin 2016 da 2017. Daga nan kwamfuta ta koyi cewa unguwa mai irin wannan cunkoson rufi, a irin wannan yanki, takan ɗauki mutum kaza, sai ta shimfiɗa darasin a kan sauran ƙasar, a gurabe masu faɗin mita 100 kowane gefe. Kamfanin Meta yana da tasa taswirar mai gurbin mita 30, Google kuma ya fitar da zanen gine-gine miliyan 516 na nahiyar Afirka a watan Yulin 2021.

Amfanin wannan a bayyane yake ga garin da ya shekara kusan ashirin ba a ƙirga shi ba. An shirya sabuwar ƙidaya a watan Mayun 2023, aka ɗage ta ana saura 'yan kwanaki. Wanda ya ɗauki adadin 2006 ya ce Potiskum tana ƙaruwa da kashi uku cikin ɗari kowace shekara, bayan shekara 20 zai samu mutum kimanin 372,000. Wanda ya ce kashi huɗu zai samu kimanin 451,000. Bambancin kashi ɗaya tak ya haifar da tazarar mutum kusan 80,000, kuma babu ɗaya daga cikin lissafin biyu da ya san inda sababbin gidajen suka tsiro, ko inda mutanen da rikici ya koro daga wasu garuruwa suka sauka. Hoton sama yana ganin wannan. Yana ganin filin da gona ne a da, yanzu ya cika da kwano.

Sai dai rufi yake ƙirgawa. Gidan gandu mai zaure ɗaya, inda uba da 'ya'yansa maza da matansu da jikoki suke zaune, yana iya kama da gidan ma'aikaci mai iyali shida idan aka hango su daga sama. Tsangayar da almajirai da yawa ke kwana a ɗaki biyu takan bayyana a matsayin ƙaramin gini. Jerin shaguna da ɗakunan ajiyar hatsi, waɗanda babu mai kwana a ciki sai maigadi, sukan yi kama da unguwa cike da mutane idan ba a ware su ba. Soron ƙasa launinsa ɗaya da ƙasar da ke kewaye da shi, bukkar makiyayi kuma takan ɓace ƙarƙashin bishiya ko ta tashi kafin a sake ɗaukar hoto. Masanan da suka yi taswirorin sun san da haka, shi ya sa suke fitar da kowane adadi tare da iyakarsa ta sama da ta ƙasa, kuma tazarar takan yi faɗi sosai idan wurin ƙarami ne. Abin takaici, a hanyar da alƙaluman ke bi kafin su iso teburin manajan talla, sau da yawa iyakokin sukan zube, a bar lamba ɗaya tsaf kamar an ƙirga.

An yi ƙoƙarin wuce yawan mutane zuwa ƙarfin aljihunsu. Masana daga Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley tare da Meta sun fitar da taswirar ƙiyasin wadata ta ƙasashe 135, ciki har da Najeriya, a gurabe masu faɗin kilomita 2.4. Sun haɗa hotunan rana da hasken dare da hanyoyin mota da bayanan sadarwa. Amma da me kwamfutar ta koyi bambanta mai hali da maras hali? Da amsoshin binciken gida-gida irin na NDHS. Ke nan ƙiyasin na'ura ɗa ne ga tambaya, duk abin da uwar ba ta ji ba ɗan ba zai ƙago shi ba. Gurbin kilomita 2.4 kuma a cikin garin Potiskum zai haɗiye unguwanni da dama, ya cuɗa gidan mai tirela goma da na ɗan dako ya fitar da matsakaici wanda ba ya kama da ko ɗayansu.

Sawun waya

Nau'i na biyu na ƙiyasi, wanda masu talla suka fi dogara da shi, daga wayoyi yake fitowa. Kamfanin sadarwa ya san ƙarfen sabis ɗin da kowane layi yake kamawa, don haka akan ɗauki inda layi ya fi kwana a matsayin gidan mai shi. Manhajojin babbar waya kuma suna karɓar wurin da mutum yake daga na'urar nuna wuri ta cikin wayar idan ya ba su izni, ko su yi ƙirdado daga adireshin intanet ɗinsa da garin da ya rubuta a shafinsa.

A nan labarin 1936 yake dawowa. Taswirar waya tana ganin masu waya ne, ta manhaja kuma tana ganin masu babbar waya da kuɗin data. A unguwa irin Yindiski wannan rukuni ya fi karkata ga matasa maza da ma'aikata da 'yan kasuwa. Dattijon da ke da ƙaramar waya ta kira kawai ba ya ciki. Matar da take amfani da wayar mijinta da dare an lissafa ta a matsayin namiji. Matashi mai layi uku da shafi biyu yana iya zama mutum biyu ko uku. Da aka tsaurara haɗa layukan waya da lambar shaidar ɗan ƙasa, alƙaluman Hukumar Sadarwa ta Ƙasa sun sauko daga layuka fiye da miliyan 200 zuwa kimanin miliyan 155 a watan Satumban 2024, alhali babu wanda ya ce mutanen ƙasar sun ragu. Ko a Amurka, a 2017 wani mai nazarin kasuwar talla ya gano cewa Facebook yana cewa zai iya kai talla ga matasa miliyan 41 'yan shekara 18 zuwa 24, alhali ƙidayar ƙasar ta nuna miliyan 31 ne kawai. Kamfanin ya amsa cewa ba a tsara alƙalumansa don su dace da ƙidaya ba. Amsar gaskiya ce, kuma ya kamata mai sayen talla a Potiskum ya ji ta.

Adireshin intanet ya fi komai rauni. Mutum yana zaune a Potiskum, shafin da ya buɗe ya ɗauka a Legas yake ko Abuja, domin ta can kamfanin sadarwarsa ya fitar da shi zuwa duniya. Sakamakon haka manyan birane suna ƙara kumbura a rahotannin talla, garuruwan arewa maso gabas suna ƙara shafewa. Wannan cuta ba ta Najeriya kaɗai ba ce. A 2016 an bankaɗo cewa wani kamfanin Amurka mai sayar da irin wannan bayani, idan ya rasa takamaiman wurin adireshi, sai ya jefa shi tsakiyar taswirar ƙasar, wanda ya faɗa kan wata gona a jihar Kansas. Adireshi fiye da miliyan 600 aka jingina wa gonar, mazaunanta suka yi shekaru suna karɓar baƙuncin 'yan sanda da mutanen da aka damfara.

Mutanen Yobe ma sun ga iyakar wannan hanya da idonsu. Bayan dokar ta-ɓaci da aka kafa a Adamawa da Borno da Yobe a watan Mayun 2013, an katse layukan waya a jihar har zuwa watan Yuli. Da a ce da sawun waya kaɗai ake auna gari, da an rubuta cewa Potiskum ta zama kufai a waɗannan makonni, alhali ana cin kasuwa ana ɗaura aure.

Amma akwai wurin da waya ta fi mai takarda gani nesa ba kusa ba, wato ranar Laraba. Kasuwar shanu ta Potiskum tana cikin mafiya girma a Afirka ta Yamma. Fatake da dillalai da direbobin manyan motoci suna zuwa daga jihohin arewa da kudu, dabbobi kuma har daga Nijar da Chadi da Kamaru. Garin yana kan mahaɗar hanyoyin Maiduguri da Kano da Bauchi. Binciken gida-gida yana tambayar masu kwana a gida ne, saboda haka bai san da wannan taro ba sam. Ga mai sayar da maganin dabbobi, ko tayar mota, ko abinci, ko mai sana'ar cirar kuɗi, waɗannan baƙi su ne kasuwar, kuma sawun waya ne kaɗai yake nuna ranar da suke shigowa da hanyar da suka biyo. Ga mai sayar da fitilar sola da ake biya kaɗan-kaɗan duk wata kuwa, baƙin nan ruɗu ne, domin tsarin tallar Meta yana haɗa mazauna wuri da waɗanda suka ziyarce shi kwanan nan. Zai biya kuɗi tallarsa ta bi direban da ya riga ya kama hanyar Fatakwal.

Akwai tambaya ɗaya da taswirorin duka ba su amsa ba, ita ce ta harshe. Potiskum gari ne na Ngizim da Karai-Karai da Bolewa da Fulani da Barebari da Hausawa, Hausa kuma ita ce harshen kasuwa. Ƙidayar 2006 ba ta tambayi ƙabila ko addini ba. Wayar da aka saita da Turanci tana sa na'ura ta ɗauka mai ita Turanci yake so, ko da saƙon murya na Hausa kaɗai yake aikawa. Wanda yake son sanin ko sanarwarsa ta fi shiga ta rediyo da safe, ko ta lasifika a bakin kasuwa, ko ta zauren WhatsApp na matan unguwa, sai ya tambaya.

Haɗa su, da tambayar da ta kamata a yi

Masu bincike na ƙwarai sun daina zaɓen ɗaya su bar ɗaya. Da yake jerin gidajen 2006 ya tsufa, sukan ɗauki taswirar gine-gine su yanka unguwa gurbi-gurbi, su zaɓi wasu gurabe da ƙuri'a, sa'an nan su tura ma'aikata maza da mata su bi gidajen da ke ciki. Taswira ta hana ma'aikaci tsayawa a bakin titi inda ya fi sauƙi, ta tilasta masa shiga lungu da sababbin gidajen bayan gari. Tambaya kuma ta gyara taswira, domin idan an tarar gidajen wani ɓangare suna ɗauke da mutum 14 a inda na'ura ta ce 8, sai a daidaita lissafin sauran. Matsakaicin ɗan kasuwa ma yana iya yin ƙaramin irin wannan da 'yan ma'aikata kaɗan cikin mako guda, ya kuma gwada sakamakon da littafin cinikin dilolinsa, wanda shi ne shaida mafi ƙarfi tunda kuɗi ne aka riga aka biya.

Idan kuwa wani ne ya kawo masa alƙaluma don ya saya, yana da haƙƙin ya ji ko mutane aka ƙirga ko rufi ko layukan waya, a wace shekara, kuma wane bincike na ƙasa aka koya wa na'urar da shi, an yi shi a Yobe ko daga wata jiha aka aro darasin. Ya nemi a nuna masa iyakar sama da ta ƙasa. Mai sayarwar da ya ce adadinsa ba shi da tazarar kuskure, ko dai bai san kayansa ba ko yana ɓoye wani abu.

Saura batun izni. Mai amsa tambaya a zaure ya ga wanda yake tambayarsa, yana iya cewa a'a. Mai waya sau da yawa bai san ana bin sawunsa ba. A watan Nuwamban 2020 wani rahoton jarida a Amurka ya nuna cewa bayanan wurin masu amfani da wasu manhajoji, ciki har da Muslim Pro mai nuna lokutan salla, suna isa ga wani dillalin bayanai mai suna X-Mode, wanda cikin abokan cinikinsa akwai 'yan kwangilar rundunar sojan ƙasar. Masu manhajar sun musanta sayar wa soja bayanai, suka kuma sanar da yanke hulɗa da dillalin. A Najeriya, dokar kare bayanan jama'a da Shugaba Bola Tinubu ya sanya wa hannu a watan Yunin 2023 ta kafa hukuma ta musamman, ta kuma wajabta wa mai tattara bayanan mutum ya kasance yana da hujjar doka, ya bayyana abin da zai yi da su, mutum kuma yana da ikon ƙin a yi amfani da bayanansa wajen aiko masa da talla. A watan Yulin 2024 hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya ta ci Meta tarar dala miliyan 220 kan yadda yake sarrafa bayanan 'yan Najeriya, kotun sauraron ƙorafi ta musamman kuma ta tabbatar da tarar a watan Afrilun 2025.

Dokar ba ta tsaya kan manyan kamfanonin waje ba. Ɗan kasuwar da ya tura ma'aikata Yindiski suka rubuta sunaye da lambobin waya da alamar ƙofar kowane gida, shi ma ya zama mai riƙe da bayanan mutane, kuma a yankin da ya sha fama da rashin tsaro, takardar da ta nuna wane gida ne yake da firji da sola da babur ba abar yasarwa ba ce. Abin da yake buƙata don kasuwancinsa jimilla ce ta ɓangaren unguwa. Sunayen da lambobin, da zarar an gama tantance aikin ma'aikata, sai a raba su da amsoshin a goge su.